Sitiyarin da Ke Nauyi a Hannun Monica Kaɗai

Ni na fara ji. Kafin Oga Kure, kafin matarsa, kafin ita kanta Monica da ke riƙe da sitiyarin, kunnena ya riga ya kama. Ranar Litinin ce da safe, ina zaune a rumfata da ke kallon ƙofar gidansu a bayan kasuwar Dei-Dei, ina shan shayi, motar ta fito da baya. Monica ta murɗa sitiyari har ƙarshe don ta kauce wa kwata, sai injin ya saki wani siririn kuka kamar an taka kyanwa. Na ajiye kofi. Na ce a raina, bel ne wannan, kuma wanda ya sa shi bai san aikinsa ba.

Kada kowa ya tambaye ni takardar shaida. Ban taɓa zama a aji ba. Shekara arba'in da bakwai na yi a ƙarƙashin mota. Tirela ta taɓa zamewa daga kan jak a Idu, ta tafi da yatsuna biyu, ta bar mini sauran. Sau uku ana rushe garejina, sau uku ina kafa wani. Waɗanda muka fara tare duk sun kwanta dama, ni Saleh ina nan ina cin tuwo da yatsu takwas. Mota ta wuce ta gabana kawai, in faɗa maka ciwonta ban tashi daga benci ba.

Monica matar Jacob ce, ƙanen Oga Kure. Jacob ya rasu a haɗarin mota a hanyar Gwagwalada. Ba su haihu ba. Bayan rasuwar aka ba ta ɗakin bayan gida, kusa da janareta. Ba wanda ya taɓa kiranta direba. Madam Rosemary, matar gidan, kullum takan ce wa baƙi, "Ai 'yar gida ce, ba 'yar aiki ba." Amma 'yar gidan nan ita ke wanke mota da sassafe, ita ke kai yaran gidan, Jessica da Marvel, makaranta a Kubwa, ita ke kai Madam shagonta, ita ke cefane, ita ke ɗauko kowa da yamma. Duk layinmu an san makullin ɗakinta da makullin motar a zobe ɗaya suke. Ranar da ta ajiye ɗaya, ta ajiye ɗayan. Kuma ba ta da wurin zuwa.

Ranar Asabar kafin wannan Litinin aka kai motar sabis wurin Wisdom, ƙanen Madam. Sabon wuri ne aka buɗe masa, mai ƙofar gilashi, ma'aikata da riguna iri ɗaya, ga kwamfuta. Motar ta dawo injinta na ƙyalli kamar takalmin ango.

Yammacin Litinin ɗin nan na ga Wisdom ya zo. Ya buɗe bonet, ya fito da wani gwangwanin mai, ya fesa wa bel, ya rufe. Minti biyu bai yi ba. Washegari motar ta fito shiru.

Shirun nan ya hana ni zama. Bel ɗin shi ke juya famfon da ke sa sitiyari ya yi laushi. In ya yi sako-sako, zamewa yake yi, sai ya yi kuka don a ji. In ka zuba masa mai, zai ci gaba da zamewa, har ma fiye da da, sai dai ba zai ƙara gaya maka ba.

Na ɗaga mata hannu ta tsaya.

"Monica, yaya sitiyarinki?"

"Lafiya, Baba. Ya ɗan yi tauri a kwana, amma ya sake. Ƙila ni ce ban karya kumallo ba."

Ranar Alhamis ta gaya wa Oga Kure. Ƙofar gidan a buɗe take, ina jin komai. Ya dawo daga ofis da tasa motar, ya karɓi makulli, ya sauke gilashi, ya hau babban titi ya dawo. Ya fito yana dariya.

"Da yatsa ɗaya nake juya shi, Monica. Ga shi ki gani."

"Dadi, ba kullum yake yi ba. Da safe ne."

Madam ta leƙo daga baranda. "Da safe, lokacin kai yara. In kin gaji da kai su ki faɗa kawai. Tun da Wisdom ya taɓa motar nan kike nema masa laifi."

Monica ta ce, "Yi haƙuri, Momi."

Mako na biyu ta goge gefen motar da ginshiƙin ƙofa. A kan idona aka yi. Na ga kafaɗarta ta ɗaga, na ga tana jan sitiyari da hannu biyu kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, motar kuwa ta ƙi lanƙwasa. Madam ta fito da zanin barci, ta tsayar da ita a gefen ƙujewar, ta ɗauki hoto da waya ta tura wa dangi.

Daga nan Monica ta fara ɗaure wuyan hannunta da hankici. In ta wuce, warin man zafi na biyo ta. Ta daina bin kwanar kasuwar kara, inda ake sauke shanu, domin kwanar tana da tsauri, ta koma zagaye mai nisa. Yara suka fara makara, makaranta ta kira Madam, Madam ta hana zagaye.

Aka sake kiran Wisdom. Ya zo da yamma, inji da zafi, ya jona kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya juya fuskarta kowa ya gani.

"Babu komai. Anti Monica, mashin ba ya ƙarya. Ko dai jim za mu sa ki, ki riƙa motsa jiki?"

Suka yi dariya. Kafin ya tafi ya bar mata gwangwanin, ya ce kullum in ta gama wanki ta buɗe bonet ta fesa ko'ina, inji ya riƙa sheƙi. Ka ji fa. Abin da ke karya mata hannu, shi aka ce ta riƙa zubawa da hannunta kowace safiya.

Mako na uku matan cocinsu suka zo, su huɗu. Ba su zo da mugun nufi ba, abin da aka gaya musu suka bi. An ce musu tsoron haɗarin Jacob ne ya sauka a hannun Monica. Suka riƙe hannuwanta suna addu'a har azahar. Ni dai ina rumfa ina tashi ina zama, na share kayan aikina sau biyu ba su yi datti ba.

Kwana biyu bayan haka, da ta sauke yara, ta tsaya a bayan masu sayar da katako inda ba a hango mu daga gida, ta aiko mai keke ya kira ni. Na same ta zaune a mota, idanunta sun faɗa.

"Baba, mutum yana iya rasa ƙarfin hannu saboda tunani?"

"Yana iyawa. Ke ba ki rasa ba. Fito."

Ni ba na fara aiki da zato, ko da na san amsa. Na fara da taya, domin taya maras iska tana nauyaya sitiyari, mutane su yi ta kashe kansu a kan famfo. Na auna duka biyun gaba, iska daidai. Na buɗe kofin man sitiyari. Mai a cike, jajir, ba ƙauri, ba kumfa. Da akwai kumfa da na ce iska ke shiga ta tiyo. Na ari jak wurin mai faci, na ɗaga gaba, inji a kashe, na juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Sumul, ba inda ya cije. Ashe ƙarfen ƙasa lafiya, gaɓar sandar sitiyari lafiya. Sai na koma kanta, domin mai tuƙi ya fi kowace kwamfuta sani in aka tambaye shi.

"Yaushe yake tauri?"

"Da safe, in na gama wanki. In ina tafiya a hankali zan sha kwana."

"Esi a kunne?"

"Kullum. Momi ta ce kar yara su yi gumi."

"Wata jar fitila tana ƙiftawa a gabanki?"

Ta zuba mini ido. "Mai hoton batir. Baba, ta yaya ka sani? Na faɗa musu, suka ce idona ne."

Na kamo hannunta mai lafiya, na ɗora babban yatsanta a kan bel ɗin, na ce ta danna. Ya lotsa kamar igiyar shanya. Ta ɗago yatsa, baƙin mai ya shafe shi. Na nuna mata ƙusar da ake ja a ɗaure bel. Ƙusar ta kai ƙarshen hanyarta, ba sauran inda za ta. Bel ɗin ya yi wa motar tsawo, ba nata ba ne, na wata ce aka samu a kusa aka cusa. Da safe ga ruwan wanki, ga man gwangwani, ga esi na ja, ga kwana na neman ƙarfi, dole ya zame. Da yamma ya bushe, Oga ya sauke gilashi ya miƙe titi, me zai ji?

Monica ta zauna a kan wani katako tana kallon yatsan nan nata. Ta daɗe ba ta goge shi ba.

Na ce, "Ga masu kayan mota can tsallake. Minti goma, in sa miki nata."

Ta miƙe da sauri. "A'a, Baba, don Allah. Dubi." Ta nuna mini ɗigon fenti rawaya a kan kowace ƙusa. "Wisdom ne ya sa. Momi ta ce ranar da makaniken bakin titi ya taɓa motar nan, in haɗa kayana. Yana zuwa yana dubawa."

Ni ne makaniken bakin titi. Na haɗiye wannan. Na goge mata bel ɗin da tsumma, na ce ta daina fesawa, ta kashe esi duk lokacin da za ta sha kwana.

Kwana uku dabarar ta yi. Marvel ya gaya wa uwarsa cewa Anti na kashe musu esi. Madam ta ce mugunta ce ta fito fili, mace da ba ta haifa ba ba ta san zafin ɗa ba. Ta girgiza gwangwanin ta ji bai ragu ba. Daga ranar, tsayawa take a baranda sai ta ga an fesa.

Ranar Lahadi na sa babbar rigata, na jira suka dawo daga coci, na tare Oga Kure a ƙofa. Mutum ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya rusuna ya gaishe ni.

"Baba Saleh, ina gajiya?"

"Ba gajiya. Oga, bel ɗin motar yara ba nata ba ne. Ka canja shi yau."

Ya yi murmushi. "Baba, motocin yanzu ba irin naku na da ba ne. An sa ta a kwamfuta."

"Kwamfuta waya take ji, ba ta jin roba. Gobe da safe ka tuƙa ta da kanka, bayan wanki, esi a kunne. Kwana ɗaya kawai ka sha."

"Ƙarfe shida nake fita, Baba. Ka san go-sulo."

"To ba ni minti goma."

Ya waiwaya ya dubi baranda, ya rage murya. "Baba, kai babba ne, ka san zaman gida. Yaron nan da ƙyar muka samu ya natsu ya kama sana'a. In na kai motar wani wuri, na ce wa yayarsa bai iya ba ke nan. Gidana ba zai zaunu ba. Monica mai haƙuri ce. Za ta saba."

Na ce, "Hannu yana sabawa. Tirela ba ta sabawa."

Ya ce, "Allah zai kare," ya shige.

Ranar Laraba aka wayi gari da ruwa. Na ga fitarta, na ga Madam a baranda da lema, na ga an fesa. Na kasa shan shayin. Ina tsaye a bakin rumfa ruwa na dukan ƙafata, sai ga mai keken nan ya dawo a guje ya ce in hau.

Abin da masu shanu suka gaya mini ke nan. Ta zo kwanar kara a hankali, ta taka wani tafkin ruwa, ruwa ya fantsama cikin inji. Ta fara shan kwana, tirelar shanu na gangarowa, sitiyari ya zama dutse a tsakiyar titi. Wani dillali ya rantse mini ya ga ta tashi daga kujera, ta rataya dukkan jikinta a kan sitiyarin. Motar ta lanƙwasa da ƙyar, tirela ta wuce ta shafi bayanta, gaba ya faɗa kwalbati. Yaran ko ƙwarzane babu. Ita kuwa wuyan hannun dama ya karye, ƙashin kafaɗa ya tsage. Da na iso ana fito da ita, abin da take ta tambaya shi ne, "Jessica ta sa bel ɗin kujerarta? Marvel fa?"

Da la'asar aka jawo motar gida. Ban yi sallama ba, ban jira izini ba, na shiga. Oga na tsaye, Madam na tsaye, Wisdom na waya. Na ɗaga bonet. Ban ɗauki sifana ba. Da yatsun nan nawa uku na hannun hagu na murza bel ɗin, ya fita daga mazauninsa kamar an zare zobe daga yatsa mai sabulu. Na ɗora shi a tafin Oga Kure. Mai ya ɗiga a farar rigarsa.

"Bel ɗin da aka ɗaure, ƙato biyu ba sa cire shi da hannu. Ni tsoho ne."

Wisdom ya ce, "Haɗarin ne ya sassauta shi."

"Zo ka duba fentinka. Ko ɗaya bai tsage ba. Yadda ka ɗaure, haka yake."

Bai zo ba. Oga Kure ya dubi bel, ya dubi surukinsa, ya dubi ƙasa. Na ga ya gane. Wallahi ya gane, fuskarsa ta nuna. Na jira ya buɗe baki.

Madam ce ta buɗe.

"To ko da bel ne. Ita da ta san motar ba lafiya, me ya sa ta ɗauki 'ya'yana a ciki?"

Na juya na dube ta. Na yi shekara saba'in da wani abu a duniya, na ji ƙarya iri-iri a gareji, ban taɓa jin wadda ta kai wannan ba. Na ce, "Madam, sau nawa ta faɗa miki?"

"Baba, maganar gida ce. Mun gode."

Oga ya miƙo mini bel ɗin kamar nawa ne, ya raka ni har ƙofa, ya rufe.

Kwana biyar Monica ta yi a asibiti. Ranar da aka sallamo ta, jakunkunanta biyu na jiranta a bakin ƙofa, an ɗaure. An ce ba korarta aka yi ba. An ce za ta je ta huta wurin wata gwaggonta a wani ƙauye bayan Gwagwalada, iskar can ta fi kyau, in ta warke a gani. An ce ɗakin ma yana bukatar fenti. Da hannun hagu ta cire makullan daga jakarta, ta kasa raba su daga zoben, Oga ya karɓa duka.

Kafin ta shiga tasi ta tsallako wurina, hannu rataye a wuya. Na tashi na tarye ta.

Ta ce, "Baba, duk wanda za su ba tuƙin, ka ja shi gefe. Ka ce ya kashe esi a kwanar kara. Yaran ba su san komai ba."

Ta tafi.

Ba a bukaci saƙon nata ba. Motar ta yi mako biyu wurin masu gyaran jiki, ba wurin Wisdom ba, wani wuri can cikin gari inda ba a san su ba. Ta dawo da sabon bel, nata na gaskiya, na ji shi tun daga kan kwana. Gwangwanin na gan shi a bola. Aka ɗauki direba namiji, aka ba shi ɗakin kusa da janareta. Ya gaya wa mai shayi bai taɓa tuƙa mota mai laushin sitiyari kamar wannan ba. Madam ta ji, ta ce, "Kun gani? Da ma hannu ne."

Yanzu abin da layinmu ya sani ke nan: matar Jacob ta rikice da baƙin ciki, ta kusa kashe 'ya'yan mutanen da suka riƙe ta. Wisdom na nan da ƙofar gilashinsa. Oga Kure yana gaishe ni kullum, har ƙasa, amma ba ya kallon idona.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ranar nan a bayan masu katako, sifana na aljihuna, shago na tsallake. Ta ce kar in taɓa, na ji tsoron kar in jawo mata kora, na bar ta da tsumma da shawara. Ga shi an kore ta, da karyayyen hannu a kai. Da na canja, da ko korar aka yi, da hannu biyu za ta ɗauki jakarta. A duk shekarun aikina wannan ce motar da na san ciwonta na bar ta ta tafi, kuma ita ke tayar da ni daga benci sau goma a yini.

Amma kada wanda ya zo ya ce mini hannun Monica ne. Mako uku da kwana biyu mace ɗaya tana kokawa da ƙarfe kowace safiya, mutum uku masu lafiya suna ce mata ƙarya take, don kada ran ƙanen Madam ya ɓaci.

Wanda bai yarda ba, rumfata ba ɓoyayya ba ce, tambayi kowane mai katako a Dei-Dei. Ka zo da motarka da safe, ranar da aka yi ruwa. Zan sa maka bel mai tsawo, in fesa masa mai har ya yi sheƙi, in kunna maka esi. Ni zan zauna a gefenka, ba na tsoro, tirela ta riga ta gwada ni. Mu gangara kwanar kara lokacin da ake sauke shanu. In ka sha ta da yatsa ɗaya, ni da ƙafata zan je ƙofar Madam Rosemary in durƙusa in ba ta haƙuri.